WASIƘAR DA BA TA DA ISNADI: YADDA ZA MU GANE IMEL NA JABU DA ƘARYAR SIYASA



Ya ku 'yan'uwa masu karatu, abin da za mu tattauna a wannan fili namu na wannan mako shi ne wata musiba da ta shigo mana ta cikin wayoyin da ke aljihunanmu, watau wasiƙun jabu da labarun ƙarya waɗanda ake bazawa a intanet, musamman idan zaɓe ya gabato. Sai mutum ya tashi da asuba ya tarar an turo masa hoton wata wasiƙar imel, wai daga ofishin wani gwamna ta fito, ko daga wani shugaban jam'iyya, ana ƙulla makirci a kan wata ƙabila ko wani addini. Ga suna, ga tambari, ga kwanan wata. Kafin a idar da sallar azahar ta zaga kasuwa da ofisoshi, wanda ya karanta da wanda aka karanta wa duk sun ɗauka sun zauna a kai.

Mutanenmu na da sun ce gani ya kori ji, kuma a zamaninsu sun yi gaskiya. Amma a yau abin da ido ya gani a fuskar waya ji ne kawai ya sake riga. Wasiƙar imel ruwaya ce, hukuncinta kuwa hukuncin kowace ruwaya: sai an san wanda ya kawo ta da wanda ya karɓo daga gare shi, sa'an nan a auna abin da ta ƙunsa. Wannan awo kuwa ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, domin malamanmu na hadisi sun fi shekara 1,000 suna aiki da shi.

WASIƘAR DA TA GIRGIZA MADINA

Duk wanda yake ganin wasiƙar jabu ƙaramin abu ce, to, ya dubi abin da ya auku a shekara ta 35 bayan Hijira. Malaman tarihi, cikinsu har da Imamu Ɗabari, sun ruwaito cewa jama'a daga Masar da Kufa da Basra sun zo Madina da koke-koke a kan gwamnoninsu, a zamanin halifancin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi. Aka saurare su, aka yi sulhu, kowa ya kama hanyar gida. Suna cikin tafiya sai mutanen Masar suka kama wani mahayi ɗauke da wasiƙa mai hatimin Halifa, wadda take umurtar gwamnan Masar da ya hukunta shugabanninsu da zarar sun iso. Nan da nan suka juyo Madina a fusace.

Sayyidina Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai sa a rubuta ba, bai ma san da ita ba. Ya nemi su kawo shaidu biyu ko kuwa su karɓi rantsuwarsa, ya kuma tuna musu cewa ana iya kwaikwayon rubutun mutum, ana iya sassaƙa hatimi irin nasa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya yi wa masu bore wata tambaya mai kaifi: ta yaya mutanen Kufa da na Basra, waɗanda suka bi wasu hanyoyi dabam, suka san da wasiƙar da aka kama a hanyar Masar har suka dawo tare? Amma fushi ya riga ya rufe kunnuwa. Aka tsare Halifa a gidansa, aka kashe shi cikin watan Zulhajji na wannan shekara, ƙofar fitina ta buɗe wadda har yau ba ta rufu ba.

Daga irin wannan fitina ne ilmin isnadi ya yi ƙarfi. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa bayanin Muhammadu ɗan Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa da fari ba a matsa wa mai ba da labari da tambayar wanda ya gaya masa, sai da fitina ta auku sa'an nan aka shiga neman sunayen maruwaita. Watau ke nan ƙaryar siyasa tana cikin abubuwan da suka sa magabatanmu suka tsananta bincike.

YADDA AKE ƘAGA IMEL

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, domin rashin sani ne jarin maƙaryata. Ƙa'idar da kwamfutoci suke bi wajen miƙa wa juna imel an tsara ta ne tun 1982, lokacin da masu amfani da ita 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Saboda haka ba a sa mata hanyar tabbatar da sunan mai aikawa ba. Layin da ke nuna daga wa wasiƙa ta fito daidai yake da bayan ambulan, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a kai.

Amma kamar yadda gidan waya yake buga tambari a kan ambulan, mai nuna gari da rana, haka kowace kwamfuta da wasiƙa ta ratsa take barin alamarta a wani ɓoyayyen sashe na wasiƙar. Bugu da ƙari, daga baya an ƙirƙiro wani sa hannu na lissafi da ake kira DKIM, wanda manyan kamfanonin imel suke liƙa wa wasiƙar da ta fita ta hannunsu. Idan aka sauya wani abu a cikin jikin wasiƙar, sa hannun ba zai ƙara dacewa ba. Waɗannan alamomi su ne isnadin imel, kuma masana suna iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

To, ga inda gizo yake saƙa. Abin da yake iso mu ta WhatsApp da Facebook galibi ba wasiƙar ba ce, hotonta ne. Hoto kuwa ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kuma yaron da ya iya kwamfuta zai iya haɗa shi kafin shayi ya huce. A ma'aunin malaman hadisi wannan ruwaya ce da aka yanke mata isnadi ɗungum, ba a kafa hujja da ita ko a kan bashin goro, balle a kan jinin mutane da mutuncinsu.

ƘARYA IRI HUƊU

Iri na farko shi ne ƙagagge tun daga tushe, wanda malaman hadisi suke kira maudu'i. A watan Oktoba na 2020, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, masu jefa ƙuri'a a jihohi kamar Fulorida da Alaska sun sami imel ɗauke da sunan wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi mai goyon bayan Donald Trump, ana yi musu barazana cewa su zaɓe shi ko su gamu da abin da ba su so. Da aka bi sawu sai aka ga ba daga ƙungiyar wasiƙun suka fito ba, aron sunanta aka yi. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun ɗora laifin a kan Iran, ita kuwa Iran ta musanta.

Iri na biyu shi ne wanda aka cuɗanya gaskiya da ƙarya, kamar hadisin da aka cusa masa maganar wani, wanda ake kira mudraji. Ranar 5 ga Mayu, 2017, kwana biyu kafin zagaye na biyu na zaɓen Faransa, aka watsa dubban imel da aka sato daga ofishin yaƙin neman zaɓen Emmanuel Macron. An sake su ne 'yan sa'o'i kafin lokacin da doka ta hana 'yan takara yin magana. Mutanensa suka yi sauri suka sanar cewa an gauraya takardun gaskiya da na jabu, hukumar da ke sa ido kan yaƙin neman zaɓe kuma ta gargaɗi jaridu kada su yaɗa abin da ke ciki. Ɗan kasuwa ya san wannan dabara sarai: mai algus ba ya cika buhu da tsakuwa zalla, hatsi mai kyau yake sawa a baki.

Iri na uku shi ne wasiƙar gaskiya da aka yi wa fassarar ƙarya. A watan Maris na 2016 an aika wa John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, wata imel ta jabu mai kama da ta kamfanin Google, ana neman ya sauya kalmar sirrinsa. Ta nan aka shiga akwatinsa aka kwashe wasiƙunsa, WikiLeaks kuma ta fara buga su a watan Oktoba. Masana sun tabbatar da sahihancin da yawa daga cikinsu ta hanyar sa hannun nan na DKIM. Amma sai wasu suka ɗauki hirar abinci da ke ciki suka ce zaurance ne, wai ana azabtar da yara a wani gidan cin abinci a birnin Washinton. Ranar 4 ga Disamba, 2016, wani mutum da ya gaskata labarin ya shiga gidan da bindiga ya yi harbi. Bai tarar da yaro ko ɗaya a tsare ba, shi ne ma ya ƙare a kurkuku da hukuncin shekara 4.

Iri na huɗu shi ne tsohon abu da aka sauya masa gari da rana, kamar matanin da aka ɗora wa isnadin da ba nasa ba, watau maƙlubi. Wannan kuwa mun ɗanɗana ɗacinsa a gida. A lokacin rikicin Jihar Filato na watan Yuni, 2018, an baza hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa a can aka ɗauke su. Binciken da BBC ta fitar a wannan shekara ya nuna cewa ɗaya daga cikin hotunan bidiyon an ɗauke shi ne a Kwango-Barazabil tun 2012. Amma kafin gaskiya ta bayyana an riga an tare hanya, an kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba.

Kada kuma mu zaci cewa masu wannan sana'a ba su san da mu ba. A 2018 jaridun Ingila sun ba da rahoton cewa kamfanin Cambridge Analytica ya yi aiki a zaɓen Nijeriya na 2015, har an yi amfani da bidiyo mai ban tsoro don a firgita masu jefa ƙuri'a. A watan Disamba na 2018 kuma sai da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da bakinsa a ƙasar Polan ya ƙaryata ji-ta-ji-tar da ke cewa ya rasu an musanya shi da wani mutumin Sudan. Kowace jam'iyya tana da masu yi mata irin wannan aiki, kuma kowace an yi mata.

AUNA ISNADI

Idan wasiƙa ta iso ka, fara da tambayar wanda ya turo: daga ina ka samo? In ya ce shi ma turo masa aka yi, to, ka san majahuli ne ya karɓo daga majahuli. WhatsApp kan sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa hannu da hannu. Wannan alama ba shaidar inganci ba ce. Mutum 1,000 da suka kwafo daga maƙaryaci guda ba su zama tawaturi ba, har yanzu ruwayar mutum ɗaya ce.

In kuwa imel ɗin ce da kanta ta shigo akwatinka, kada ka tsaya ga sunan da ya bayyana, duba cikakken adireshin, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Galibin ma'aikatun Gwamnatin Tarayya adireshinsu yana ƙarewa ne da gov.ng, saboda haka sanarwar gwamnati da ta fito daga akwatin Gmail ko Yahoo abar tuhuma ce. A lura kuma da harufan da aka musanya, kamar a haɗa r da n su yi kama da m, ko a sa lamba 1 a madadin harafin l. Kada a latsa wani adireshi da ke cikin wasiƙa don a shigar da kalmar sirri ko lambar BVN. Ɗan kasuwar da ya sami imel wai abokin cinikinsa na Sin ko Dubai ya sauya lambar asusu, ya kira shi ta lambar wayar da ya saba kafin ya tura ko kwabo. Ma'aikaci kuwa ya san kowace takardar ofis tana da lamba da fayil da rajista, sai ya nemi asalinta a inda aka ce ta fito.

AUNA MATANI

A ƙarni na 5 na Hijira an kawo wa wazirin Bagadaza wata tsohuwar takarda, ana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauke wa Yahudawan Haibara jiziya, ga kuma sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Waziri ya miƙa ta ga malamin hadisi Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463. Da ya duba sai ya ce jabu ce. Dalilinsa kuwa shi ne an ci Haibara a shekara ta 7, alhali cikin shaidun akwai Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu tun shekara ta 5, da Mu'awiya wanda bai bayyana Musuluncinsa ba sai a shekara ta 8. Da lissafin shekaru kaɗai ya rushe takardar.

Haka za mu yi. Kwanan watan da ke kan wasiƙa ya dace da ranar mako? Wanda aka ce ya sa hannu yana riƙe da wannan muƙami a lokacin? Sunan ma'aikatar haka yake a wannan shekara? Sa'an nan a yi tambayar Sayyidina Aliyu: me ya sa ta fito yanzu, daren zaɓe, lokacin da wanda ake zargi ba shi da damar kare kansa, kuma wa zai ci riba? A duba ko wata jarida ko gidan rediyo mai suna da adireshi, wanda za a iya kai shi ƙara, ya ɗauki labarin. Akwai kuma cibiyoyin tantance labarai, irin su Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa da aka kafa a 2018. Hoto ma ana iya saka shi a manhajar bincike ta Google a ga inda ya fara fitowa. Murya da bidiyo su ma yanzu na'ura tana kwaikwayonsu, don haka jin muryar mutum bai isa hujja ba.

Akwai wata alama da ta fi kowace sauƙin ganewa, ita ce rantsuwa da barazana don a tura. Dattawanmu sun san takardar nan da ake kira wasiyyar Shehu Ahmadu mai hidimar Masallacin Annabi, wadda take yi wa mai kwafe ta alkawarin arziki, mai ƙin ta kuwa tsiya. Marigayi Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz ya rubuta raddi a kanta, ya ce ya tambayi dangin mutumin suka shaida masa ƙarya aka yi masa. Takardar ta tashi daga rubutun hannu ta koma keken rubutu, yau ga ta a waya. Duk saƙon da ya ce don Allah ka tura wa mutum 20, jikanta ne, ko da kuwa rigar siyasa ya sa.

Abu mafi wuya shi ne auna zuciya. Labarin da ya ɓata wanda muke so nan da nan muke bincikarsa, wanda kuwa ya ɓata abokin hamayyarmu sai mu haɗiye ba tauna. Allah Maɗaukaki ya gargaɗe mu a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Saboda haka labarin da ya fi faranta maka rai shi ya fi bukatar bincike.

ALHAKIN MAI TURAWA

Da yawa daga cikinmu sukan ce ai ni ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi. Wannan uzuri ba shi da gurbi a Shari'a. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta mana binciken labarin da wanda ba a amince da shi ba ya kawo, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu dawo muna da-na-sani. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan rahoton wani ma'aikacin zakka da aka aika wa Banu Musɗaliƙ, rahoton da ya kusa jawo yaƙi a kan mutanen da ba su yi laifi ba. Ayoyi na 11 zuwa 20 na Suratun Nur kuwa, waɗanda suka wanke Uwar Muminai Nana A'isha, ba su tsaya ga wanda ya ƙaga ƙazafin ba, sun zargi har waɗanda suka riƙa karɓa suna miƙawa suna ɗaukar abin da sauƙi. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ma ta soki masu gaggawar yayata labarin tsaro ko na tsoro maimakon mayar da shi ga waɗanda suka san yadda za su tantance. Hadisi kuma ya tabbata a gabatarwar Sahihu Muslim mai nuna cewa yawan faɗin duk abin da aka ji kaɗai yana isa ya sa mutum cikin maƙaryata.

Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare da saƙon waya wai su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 2 sun mutu a Nijeriya saboda shan ruwan gishirin. Galibin waɗanda suka tura saƙon nan ƙauna ce ta sa su, iyayensu da 'ya'yansu suka tura wa. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da rai ba.

Ku 'yan kasuwa, kun san ji-ta-ji-ta guda tana iya rufe Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi da tsakar rana, ta tayar da farashi, ta sa a ƙone dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa. Ba kwa karɓar kuɗi sai kun ɗaga takardar kun duba, ba kwa sakin kaya sai kun tabbatar kuɗi sun shiga asusu, to, ku yi wa labari irin wannan duba. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, maganarku tana da nauyi a unguwa, domin ana ɗauka kuna da masaniya. Idan takardar jabu ta fito daga wayarku, kun buga mata hatimin da ba ta da shi. Ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana iya hawa kan mai aika saƙon da ya san ƙarya ne don tayar da tarzoma.

Wanda ya riga ya tura sa'an nan ya gane ƙarya ce, to, share saƙon kaɗai bai wadatar ba. Sai ya koma duk inda ya tura ya bayyana gaskiya, kamar yadda malamai suka sharɗanta gyara da bayyanawa ga tubar wanda ya yaɗa ɓarna. Limamanmu da masu wa'azi kuma lalle ne su fi kowa taka-tsantsan, kada abin da aka tsinta a waya ya hau mumbari ranar Juma'a ba tare da bincike ba. Wanda ya kasa tantance labari, ya bar shi ya mutu a wayarsa, ba za a tambaye shi ranar Lahira don me bai tura ba.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cin mutuncin bayinsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.